A Rubuta Sunana a Bayan Ambulan

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Cibiyar da ke horar da matasa kan binciken cututtuka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya taimaka, ya ƙara girma.

Ranka ya daɗe, sunana Rabi'atu. Ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce ni a wani ƙaramin asibiti da ke Gwallaga, cikin garin Bauchi, ina kuma zaune a Fadaman Mada da maigidana da 'yarmu guda. Ba ka san ni ba, kuma wannan rashin sanin shi ne kan maganar da ta sa na ɗauki biro. Sau biyu cibiyarku tana gayyatata zuwa horo ba tare da ta san ni ta gayyata ba, ni kuma sau biyu ina cewa a'a da bakina, alhali babu abin da nake so kamar zuwan. Na san zancen ya yi kama da na wadda ba ta da lafiya. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, za ka ga da sauran hankalina.

Na so in yi wannan magana a rufe. Na buga lambar da ke ƙasan takardarku, wani bawan Allah mai sanyin murya ya ce in rubuto. Na rubuto ta imel, yau wata biyu ke nan ko tari ban ji ba. To, lokaci yana ƙure mini, kuma ranar wanka ba a ɓoye cibi, shi ya sa na fito fili. Akwai abin dariya a labarin, yawancin dariyar kuma a kaina take, ban hana kowa ba. Dattijon da sunansa zai fito a ciki na nemi izininsa, ya ce in rubuta duk abin da na ga dama in dai ban faɗi shekarunsa ba.

Na ɗaya, abin da ya sa na ƙwallafa rai a kan horon nan, don kada a ɗauka yawon buɗe ido nake nema. Aikina kullum shi ne in ɗebi jini, in shafa a ɗan gilashi, in rina, in leƙa ta madubin duba ƙwayoyin cuta. Maleriya kam na san ta kamar yunwar cikina. Amma akwai wani zazzaɓi da ke kawo mutanen ruga asibitinmu, wanda ya fi ƙarfin madubina. Mutum zai zo ya ce jikinsa na zafi da yamma, ya jiƙe da gumi, gaɓoɓinsa na ciwo, ya yi wata da watanni a haka. In gwada maleriya, babu. A ba shi magani duk da haka, ya tafi, bayan sati uku ya dawo da kukan da ya zo da shi. Mahaifiyata 'yar ruga ce, aure ne ya kawo ta Ƙofar Wambai, saboda haka yawancin masu zuwan nan in ba dangina ba ne, to maƙwabtan dangina ne. Ƙanenta, Kawu Bello, sau huɗu ina huda masa hannu. A na huɗun ya dube ni ya ce shi dai ya lura karatun nan nawa bai iya komai ba sai cewa babu.

Dariya na yi, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ina zargin wata cuta ce da ke sa shanu ɓari, wadda kan kama mutum ta madarar da ba a dafa ba, ko ta hannu in ya taimaki saniya wajen haihuwa. Zargi ne kawai, kuma ba a ɗora mutum a kan magani na makonni saboda zargi. Abin da zai raba gardama shi ne irin na'urar da kuke koyarwa a kanta, wadda ke gano ƙwayar cuta ko da ta ɓuya wa madubi, da kuma sanin yadda ake tsara bincike tun daga ɗibar jini a ruga har zuwa rubuta sakamako yadda masana za su yarda da shi. A makaranta mun ga wannan na'ura a allo, mun zana ta a jarrabawa, mun ci maki. Har yau hannuna bai taɓa ta ba.

Na biyu, yadda takardar gayyatarku take zuwa. Shekara biyu a jere kuna aiko da ita cikin ambulan mai ruwan ƙasa, da hatiminku, an rubuta a baya: Shugaban Asibiti. A ciki kukan ce a turo ma'aikaci ɗaya daga ɗakin gwaji, matashi mai digiri, ya zo ya yi mako shida, masauki da abinci duk a kanku. Magana ce mai kyau, Allah ya saka da alheri. Sai dai babu suna. Shugaban asibiti ya sa hannu a gefe ya miƙa wa masinja, masinja ya kawo wa shugaban ɗakin gwaji. Mu huɗu ne a ɗakin, kuma a lokacin in ana maganar matashi mai digiri, ko makaho ya shafa ya san ni ce. Wataƙila a wani garin wannan ya isa. A wurinmu bai isa ba.

Shugaban ɗakin namu shi ne Baba Sale. Dattijo ne mai furfura har a gira, wanda ya fara leƙa madubi tun mahaifiyata tana tallar nono. Shi ya koya mini samo jijiyar jariri ba tare da an sa uwar kuka ba, shi ya koya mini kada in rubuta abin da idona bai gani ba ko da likita yana tsaye a kaina. Biro biyu ne a aljihunsa, shuɗi na komai da komai, ja kuma ba ya fito da shi sai gwaji ya nuna akwai. Ba shi da yawan magana. In ka gaya masa abu, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce to, zance ya ƙare.

Ni kuma, ranka ya daɗe, tarbiyya ninki biyu aka yi mini. Gidan mahaifina gida ne da ba a sa hannu a kwano sai babba ya sa. Mahaifiyata ta zo da tata daga ruga, inda ko yunwa ake ji cewa ake an ƙoshi. A wurinta, in aka ba ka abu ka karɓa a tayin farko, ka zubar da mutuncin zuri'a har jikoki. Ƙa'idar a bayyane take: a ba ka, ka ce a'a, a ba babba, a sake ba ka, ka sunkuyar da kai ka ce haba dai, sai a karo na uku ka sa hannu biyu ka karɓa, kowa ya tashi da mutuncinsa. Haka na ga ana yi da nama ranar sallah, haka ake yi da kujerar gaba a mota. Ban taɓa ganin inda wannan tsari ya ƙwace ba, sai a kaina.

Ranar wata Litinin bayan azahar Baba Sale ya kira ni, ya miƙo mini takardarku, ya ce ga abin yara ya zo. Na karanta, zuciyata na tsalle kamar ɗan akuya, a raina har na shiga mota. Amma bakina ya yi abin da aka koya masa. Na sunkuyar da kai ina murza bakin hijabi, na ce: “A'a Baba, ai kai ne babba. Kai ya kamata ka je.” Na tsaya ina jiran tayi na biyu. Baba ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce to. Ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihu kusa da biron nan biyu, ya koma kan madubinsa. Na yi ta tsayuwa a wurin har sai da wata mai ciki ta tambaye ni ko ni ma layi nake bi.

Abin da ya ƙara mini ciwo shi ne maigidana. Tela ne, shagonsa na nan bakin titi a unguwarmu. Tun ranar da masinja ya tsegunta mini takarda na hanya na gaya masa, shi kuwa ya ajiye ɗinkin mutane ya yanka mini atamfa kala uku, wai kada matarsa ta shiga cikin masana a raina ta. Da na dawo na ba shi labari, ya ce in koma gobe in ce wa Baba na fasa. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin an yi kyauta an dawo an karɓe. Ya ce ai ba kyauta na yi ba, tayi na yi. Na ce to ya je ya bayyana wa Baba bambancin. Bai je ba, don shi ma ɗan gidan mutunci ne. Atamfofin nan a gidajen biki suka ƙare.

Baba ya yi mako shidansa ya dawo a rame. Ranar da ya koma aiki ya ajiye mini baƙar jakar nan mai tambarinku a kan tebur, ya ce ga tsaraba. Na durƙusa na yi godiya, na kai ta gida, na cilla ta saman sif ko zif ɗinta ban ja ba. Zan faɗi gaskiya: haushinsa nake ji ƙwarai. A ganina ya cinye naman ne ya kawo mini ƙashi.

Shekara ta zagayo, ambulan ya sake zuwa, babu suna. Baba ya sake kirana, ya miƙo, wannan karon har da ɗan murmushi, ya tambaye ni ko bana akwai hali. Duk mai hankali zai ce nan ne zan cafke. Amma ni na riga na yanke a raina cewa dattijon nan ya ɗanɗana ya ji daɗi, tambayar ta fita hakki ce kawai. Sai fushi ya haɗu da kunya, na ƙara wa tayin gishiri: na ce ai wanda ya fara shi ya kamata ya ƙarasa, mu yara muna da sauran lokaci. Na ga murmushin ya gushe. Ya girgiza kai, ya ce Allah ya kyauta, ya ninke takardar. Na ɗauka kunya ce ta kama shi, na ce a raina gara ta kama shi. Jaka ta biyu ta hau saman sif ta tarar da 'yar'uwarta.

Na uku, yadda asiri ya tonu. Bayan ƙaramar sallar da ta wuce 'yar Baba Sale ta haihu, muka je suna a gidansa. Ina cikin cin masa da miyar taushe sai maiɗakinsa, wadda muke kira Mama, ta ja ni ɗaki, ta tura ƙofa, ta kama hannuna ta fara yi mini nasiha. Ta ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in yi haƙuri, wasu mazan haka suke, da sun ga matarsu za ta ɗaga sai su take. Ta ce kada in damu, Malam bai gaya wa kowa ba sai ita. Na tambaye ta mene ne Malam bai gaya wa kowa ba. Ta ce batun mijina mana, da ya hana ni zuwa karatu shekara biyu.

Ashe ga yadda Baba ya karanta al'amarin. Ya ga amarya ce ni a lokacin, ya ga na sunkuyar da kai ina murza hijabi, sai ya tuna wata ma'aikaciya da ya taɓa yi wadda miji ya hana irin wannan tafiya, aka matsa mata da tambaya har ta yi kuka a gaban mutane. Ya ce a ransa, yarinyar nan hana ta aka yi, mai rufa mata asiri take nema. In ya sake tayi, ya tilasta mata ta tona cikin gidanta. In ya mayar muku da takarda, kuna iya cire asibitinmu, baɗi ba za ku aiko ba. Saboda haka ya ɗauki jaka ya tafi riƙe mini wuri. Mama ta ce mutumin da ko Jos ba ya yarda ya kwana, shi ne ya je ya yi mako shida cikin sa'annin 'ya'yansa, yana cin abincin da ba ya so, kwamfuta na wahalar da shi, sanyin ɗakin na'ura na tayar masa da ciwon ƙugu. Kowace Juma'a sai ya bugo mata waya ya ce ya ƙosa ya ga gida. Ni ina nan ina jin haushinsa, shi yana can yana jin tausayina.

Na yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tafi ta bar ni da hawayen. Mama ta ɗauka nasiharta ce ta ratsa ni, ta ƙara ƙaimi.

Wanda ya fi kowa shan kashi a wannan lamari shi ne bawan Allah maigidana. Shekara biyu yana mamakin abin da ya yi wa Baba Sale. In ya kawo ni aiki a babur, ya sauka ya rusuna ya gaishe shi, sai Baba ya amsa a daƙile yana kallon wani wuri. Har jamfa ya taɓa ɗinka masa ta sallah, Baba ya maido ya ce ta yi masa kaɗan, alhali ko gwadawa bai yi ba. Washegarin suna na tara su biyun a zauren Baba, na buɗe baki na faɗi komai, abin da da na yi shi tun farko da yanzu takardar shaidarku na rataye a ɗakina. Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dubi maigidana ya nemi ya yafe masa, ya ce ya ɗauki alhakinsa. Sannan ya juyo kaina ya ce: “Ke kuma, Rabi, ba a yi wa ilimi kara.” Na ce ai shi ma karar ya yi. Ya ce to. Jamfar dai an sake kai masa, kuma ta yi masa cif.

Na huɗu, naku kason. Na amsa laifina, Baba ya amsa nasa, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Takardarku matashi ta ce. Mutumin da ya bayyana a teburin rajistarku ritayarsa na bakin ƙofa. Me ma'aikatanku suka yi? Baba ya ce wata ta taso da sauri ta karɓi jakarsa, wani ya kawo masa kujera mai hannu, aka rubuta sunansa ba a tambaye shi shekarar da ya gama karatu ba. Kwana biyu da farawa aka naɗa shi shugaban aji, shi ke buɗe zama da addu'a, shi ke raba gardama in an yi saɓani wajen layin na'ura. Da ya koma a shekara ta biyu har da tafi aka tarbe shi, aka ba shi ɗakin da ya fi kusa da masallaci. Ya ce kullum yana jira wani ya ja shi gefe ya tambaye shi ina matashin da aka ce a turo. Da an yi haka, da ya samu ƙofar faɗin abin da yake zato, ku kuma da kun bugo mini waya, da magana ta mutu a minti biyu. Babu wanda ya tambaya. Ni na yi wa Baba kara, Baba ya yi mini, ku kuka yi masa, duk muka tashi da mutuncinmu, Kawu Bello kuma yana nan da zazzaɓinsa.

Ba rashin kirki nake zargin ma'aikatanku da shi ba, kirkin ne ma ya yi yawa. Kuma da na fara ba abokan karatuna wannan labari, sai na tarar ba ni kaɗai ba ce. Wata ta ce a wurinsu daga sama ake bin layi, ba zai iso kanta ba sai ta yi jika. Wani ya ce shi bai ma taɓa ganin takardar ba, sai dai ya ga oga ya dawo da sabuwar jaka. Ba kowane oga ne Baba Sale ba. In kana son shaida, ka ɗauko hotunan da kuke yi ranar rufe horo ka duba kawunan da ke sahun gaba.

Na biyar, abin da ya sa na kasa jira. Sanarwarku ta bana, wadda na gani a waya, ta zo da sabon sharaɗi: sai wanda bai wuce shekara biyar da gama digiri ba. Na yaba da sharaɗin, da ma shi ya kamata tun farko. Amma ni yanzu a cikin ta biyar ɗin nake. Bana ce ta ƙarshe, in ta wuce ni na zama babba ni ma, sai dai in koma miƙa wa wasu ambulan. Ga shi Baba Sale zai yi ritaya kafin takardarku ta iso. Wadda za ta gaje shi wata yayarmu ce a wurin aiki, ba zan kama sunanta ba, in tana karantawa ina gaishe ta da kyau. Mace ce mai kirki da son tafiya. Ta daɗe tana aiki da difloma, sai kwanan nan ta kammala digiri, saboda haka sharaɗinku bai hana ta ba. Ita kuwa ba ruwanta da tayi uku. Ko ƙosai ka yi mata bismilla, ta wanke hannu.

Za ka ce to in buɗe baki mana. Wallahi na gwada. Maigidana kan zauna a kujerar keken ɗinki, ya sako tabarau a kan hanci, ya miƙo mini tsohuwar takardar awo, ni kuma in ce na gode, zan je. A gabansa ina iyawa sarai. Amma ranar da muka gwada da mahaifiyata, tana miƙo takardar, kafin in ankara na ji bakina yana cewa a'a Inna, ai ke ce babba. Ta ce madalla, wahalarta ba ta tashi a banza ba. Na san kaina, ranka ya daɗe. Abin da aka yi kusan shekara talatin ana dasawa ba ya tumɓukewa a wata uku, kuma ba na ma son ya tumɓuke gaba ɗaya, don yana da ranarsa. Abin da nake nema shi ne kada a sa ni zaɓi tsakanin tarbiyyar gidanmu da aikina, alhali layi ɗaya na rubutu zai raba ni da wannan zaɓi. Takardar da ta zo da sunan mutum ba a tayinta. Ko Inna ta yarda da wannan.

Kafin in zo kan roƙo, akwai abin da nake son ka sani game da jakunkunan nan. Ranar da muka dawo daga zauren Baba na taka kujera na sauko da su, na karkaɗe. Na zata biro ne da takardun talla a ciki. Ashe a kowacce akwai littafin rubutu mai kauri, cike da rubutun Baba, ƙanana a jere. Duk abin da aka faɗa a aji ya rubuta. Ya zana na'urar gaba da baya, ya nuna inda ake zuba kowane abu. A gefen shafi yakan sa: wannan ban gane ba, amma ke za ki gane. A littafi na biyu har hannu ya ɗaga ya tambayi malaminku batun zazzaɓin mutanen ruga, don ya san shi ke cina, ya rubuto amsar shafi uku. Ya kai har inda aka ce kowa ya sa safar hannu ya gwada da kansa, a nan rubutun ya tsaya, saura fararen shafuka. Da na tambaye shi, ya ce hannunsa rawa yake yanzu, bai so ya ɓata muku kaya ba. A bangon kowane littafi kuma ya rubuta sunana, cikakke har da na mahaifina, da jan biron nan da ba ya fitowa sai gwaji ya nuna akwai. Ɗaya ya shekara biyu, ɗaya ya shekara guda a saman kaina, ni kuwa ina ƙasa ina ta fushi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Na karance su yanzu, sau biyu-biyu. In kuna shakka ku tambaye ni daga kowane shafi.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba don kaina kaɗai ba.

Roƙo na farko, ku daina aiko da gayyata babu suna. Ku bar matasa su nemi wurin da kansu, ku tantance, sannan ku rubuto wa asibiti cewa wane ko wance kuke so. Shugaba ya sa hannu ya sallama, amma kada a ɗora masa nauyin zaɓi, kada a ɗora wa ƙarami nauyin roƙo.

Na biyu, ku sa wani a teburin rajista wanda zai iya tambayar dattijo shekarar da ya gama karatu, cikin ladabi, bayan an ba shi kujera da ruwa. In ba a samu mai wannan ƙarfin hali a cikin ma'aikatanku ba, ku sa tambayar a fom, tunda shi ba ya jin nauyin kowa.

Na uku, in wanda kuka zaɓa bai zo ba, ku kira shi shi kansa ku ji dalili, musamman mata. Wata da gaske hana ta aka yi, kuma kiranku na iya sa mijin ya sake tunani. Wata kuma irina ce, mijin har atamfa ya ɗinka.

Na huɗu, dattawan ma kada ku yar da su. Ku shirya musu nasu na kwana uku, kusa da gida, a ɗakin da ba sanyi. Baba ya ce duk da wahalar ya ƙaru, kuma ɗalibanku sun ƙaru da shi, don akwai waɗanda sai a hannunsa suka fara ganin yadda ake rina gilashi da kyau.

Na biyar shi ne nawa. Ban ce ku ɗauke ni don tausayi ba. Ku gwada ni tare da kowa. In na faɗi, na san ilimina ne bai kai ba, zan rungumi ƙaddara in gaya wa Kawu Bello gaskiya. In kuwa na ci, don Allah kada ku sake rubuta Shugaban Asibiti kawai ku bar ni da bakina.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ɗaukaka cibiyarku, ya sa ilimin da kuke rabawa ya isa rugar da mota ba ta zuwa. Allah ya saka wa ma'aikatanku da suka girmama Baba, ya ba su masu girmama su ranar da tasu furfurar ta fito. Allah ya ba Baba Sale hutu mai albarka, ya ba Kawu lafiya, ni kuma ya yafe mini haushin da na ji a kan mai yi mini alheri.

Maigidana ya riga ya yanka sabuwar atamfa, na hana shi ya ƙi ji. Inna ta ce za ta riƙe mini yarinya. Littafi na biyu yana cikin jaka da fararen shafukansa. Baba Sale ya rubuta sunana sau biyu ban gani ba. Ku sau ɗaya nake roƙo, a bayan ambulan, inda kowa zai gani.

Wassalam.

Ni ce mai jiran amsarka,
Rabi'atu, ma'aikaciyar ɗakin gwaji,
Fadaman Mada, Bauchi.